Dogo a Maƙabartar Dibba

A wata Juma'a cikin sanyin ƙarshen shekarar 2017, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, muka hau ganuwar Dhaya ni da Babana da karenmu Dogo. Tsohon gini ne na ƙasa a bisa wani tsauni a Ras al-Khaima, can nesa da gidanmu na Dubai. Baba na gaba da gorar ruwa, ni ina baya ina haki, igiyar Dogo a naɗe a hannuna. Muna dab da ƙofa sai karen ya toge. Na ja, na lallashe shi, ya ƙi motsi. Ya kwantar da kunnuwa yana ta kallon cikin ganuwar, inda ni ban ga komai ba sai ƙasa da hasken rana. Iska tana shigowa ta 'yan ƙananan kafofin da ake zura bindiga, tana wani irin kuka kamar ana hura bakin kwalba. Baba ya ce a nan mutanen garin suka fake da matansu da 'ya'yansu da awakinsu sa'ad da Turawan Ingila suka zo ta teku da igwa, ga ƙishirwa, ga ruwan wuta, har aka ci su. Da ya gama faɗa sai ya juya mini baya, ya ciro waya, ya danna wata lamba ya kara a kunne. Wurin ya yi tsit, har ina jin muryar matar nan da ke cewa ba a samun mai lambar. Ya mayar da wayar aljihu ya ce, "Yalla, Rifkatu, mu sauka."

A Abu Hail muke zaune, cikin wani tsohon gida da aka yayyanka da katako aka zuba iyalai. Namu ɗaki biyu ne ta baya, da 'yar farfajiya inda tankin ruwa yake. Da safe ƙamshin kwakwa da yaji na maƙwabtanmu 'yan Indiya yakan haɗu da na kunun gyaɗar Mama a lungu ɗaya. Baba ma'aikacin lantarki ne a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, yana gyaran injinan da ke ɗaga kwantena, Mama kuma tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Deira. Ni ce mai shara da shanya, kuma a ƙasar nan kafin ka gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe ƙayau. Ni ce kuma mai kwashe bokitin da ke tare ɗigar na'urar sanyi, in zuba wa yakuwa da alayyahun da Mama ta shuka a robobin fenti. In na dawo makaranta na cire takalmi, mukan zana 'yar gala-gala da alli a dakalin ƙofar gida, ni da 'yan matan maƙwabta, na kuma koya musu carafke da ƙwallon dabino, tunda a unguwar ko tsakuwa ba a samu.

Baba ne ya tsinto Dogo a bayan wani sito a Jebel Ali, haƙarƙari duk a waje, waya ta yanke shi a ƙafa. Irin karnukan farautar Larabawa ne da ake kira saluki, siriri, mai dogayen ƙafafu, kalar ƙasa. Ranar da ya shigo da shi a naɗe cikin rigar aikinsa Mama ta riƙe haɓa ta ce, "Mu da muke zaman biza, ka kwaso mana rigima." Baba ya kai shi aka yi masa allura da rajista, ya kafa masa rumfa a gindin tanki. Ɗawainiyarsa ta dawo kaina: in dafa masa ƙafar kaza da shinkafa, in cire masa kaska, in wanke wurinsa tun maƙwabta ba su fito ba. Kare ne marar haushi. Sai dai ya zuba maka ido, irin kallon da ke sa ka waiwaya ka ga ko akwai wani a bayanka.

Ba a shiga lambun shaƙatawa da kare a Dubai, haka ma bakin teku. Baba ya ce irin wannan dabba in ba ta yi gudu ba ciwo za ta yi, shi ya sa duk Juma'a, wadda a lokacin ita ce ranar hutu, da an taso daga coci sai mu ɗauki kular dafa-duka, Dogo ya miƙe a kujerar baya, mu bar gari. Na daɗe ina zaton don Dogo muke tafiyar. Amma hamada ga ta nan ko'ina, Baba kuwa ba ya tsayawa sai a kango. Mun je hasumiyar tsaro ta Hatta, mun zagaya ganuwar Fujaira, mun sha komawa Jazirat al-Hamra, garin da mutanensa suka tashi suka bar gidajensu na dutsen teku, ƙyamare a rataye, ciyawa ta fito a tsakar ɗakuna. 'Yan ajinmu sun ce aljanu ne suka gaje garin. Ni dai na san Dogo yakan leƙa wani ɗaki ya fito da baya da baya, gashin ƙeyarsa a tsaye, kuma sau da yawa nakan ji kamar takun mutum a lungun da muka baro. Baba yakan ce awaki ne. Mama ba ta taɓa binmu ba. Takan ce masa, "Duk faɗin ƙasar nan ba ka ga wurin zuwa ba sai inda mutane suka ƙare?" A kowane wuri kuwa, kafin mu juyo, sai ya ɗan matsa gefe ya kira lambar nan.

Akwai hoton wani soja a kan firijinmu. Ƙanen Baba ne, Iliya, ni kuma Baba Ƙarami nake ce masa. Ina iya tuna shi a Zariya kafin mu taso, yana ɗora ni a wuya ya kai ni sayen rake, yana fere mini da wuƙarsa. Duk lokacin da na tambaya sai a ce yana bakin aiki a arewa maso gabas, inda waya ba ta shiga. Na yarda, domin yaro yakan yarda da abin da aka faɗa masa da murya a kwance. Ban taɓa haɗa hoton nan da lambar da Baba yake kira ba.

A farkon shekarar 2019 muka tafi Dibba, can gaɓar gabas, inda Baba ya ji an ce an gwabza wani babban yaƙi tun farkon zuwan Musulunci. Muka yi ta kewaye a bayan gari har muka iske wata tsohuwar maƙabarta a gindin duwatsu. Fili ne shimfiɗeɗe, an kakkafa duwatsu a tsaye, wasu sun karkace, wasu sun faɗi, ba rubutu a jikin ko ɗaya. Baba ya tsaya a bakin 'yar katangar ya cire hula. Ya gargaɗe ni in riƙe Dogo gam, domin wuri ne na Musulmi, ba a shiga da kare. Ina riƙe da shi kuwa, amma siririn kansa ya zame daga cikin abin wuyan kamar an shafa masa mai. Kafin in yi ihu ya tsallake katangar. Bai yi irin gudunsa na hamada ba. Tafiya ya yi a natse tsakanin duwatsun, kamar mai bin wani, har ya kai tsakiya ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Baba ya kira, ya yi fito, ya tafa hannu, ko kunne bai kaɗa ba. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Baba irin na ranar ba. Ko ni na san abin da zai biyo baya in aka kira 'yan sanda: baƙo, Kirista, karensa a kwance cikin kaburburan mutane. Aikinsa, bizarmu, makarantata, duk suna iya tafiya a yini ɗaya.

Sai ga wani dattijo ya ɓullo daga gonar dabino da ke gefe, da farar jallabiya da 'yar sanda siririya, awaki na biye da shi. Baba ya tare shi, hannu a ƙirji, yana ta ba da haƙuri da guntun Larabcin da ya tsinta a wurin aiki. Dattijon ya dubi karen, ya yi wani ɗan sauti da harshe, ya ce, "Ta'al," wato zo. Dogo ya miƙe tsam, ya biyo hanyar da ya shiga, ya tsallako, ya sa hanci a tafin hannun mutumin da bai taɓa gani ba. Ni da ke ciyar da shi kullum sai ranar na gane yana da wata rayuwa kafin mu, da wani harshe da yake ji.

Dattijon ya ce babbar maƙabartar yaƙin tana ƙetaren iyaka, ɓangaren Oman, amma wannan ma ba wanda ya san farkonta. Sa'an nan ya tambayi Baba, cikin Larabci da Turanci gauraye, me baƙo yake nema a wurin da ba shi da kowa. Baba ya manta ina tsaye, ko kuwa ya gaji da ɓoyewa. Ya ce yana da ƙane soja, an kai wa sansaninsu hari da daɗewa, an ga wasu, shi ba a gan shi ba, ba gawa, ba kabari, ba wanda zai ce ga inda ya faɗi. Dattijon ya jinjina kai, ya nuna filin da sandarsa ya ce waɗannan ma ba wanda ya san sunansu, shi dai in zai wuce yakan yi musu sallama gaba ɗaya. Ya ja mu inuwar gonarsa, ya zuba wa Baba gahawa a ɗan ƙaramin kofi, ya cika mini hannu da dabino. Na kasa ci. A hanyar komawa Baba ya tsayar da mota a gefen titi ya ce, "Kin ji, ko?" Na ce na ji. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Rifkatu. Ni ma ban san abin da zan ce miki ba ne." Muka zauna a nan, manyan motoci na wucewa suna girgiza tamu, har na gama kukana.

Mun koma Dibba sau da dama bayan haka, Baba da dattijon su zauna ba wata doguwar hira, Dogo ya bi awaki cikin gona. Sai cutar korona ta zo aka rufe gari. Karatu ya koma ta waya, Mama ta riƙa dawowa da shatin takunkumi a fuska, Dogo ya yi ta zagaya tanki har ya yi hanya a ƙasa. A 2021 aka rage ma'aikata, har da Baba, aka ce khalas, wato an gama, sai gida. Ɗaukar kare a jirgi zuwa Najeriya ya fi ƙarfinmu. Muka kai shi Dibba. Dattijon ya tsufa ƙwarai a 'yan watannin nan, amma ya karɓi igiyar da hannunsa, ya ce wa Baba kada ya damu. Mun hau titi ke nan na duba madubin gefe, sai ga Dogo. Ya sake zamewa. Yana tafe kamar ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, daidai da motar, bakinsa a rufe, idonsa a kan tagata. Na ce Baba ya tsaya. Bai tsaya ba, hawaye na bin gemunsa, ya ƙara wuta. Sai da muka yi nisa sosai kafin Dogo ya fara ja baya, ya zama ɗigo, ya tsaya cak a tsakiyar titi.

Yanzu muna Zariya. Baba ya buɗe shagon gyaran lantarki, yana ɗan noman masara da damina, ni kuma ina jami'a. Labarin Baba Ƙarami har yau shiru. Gidanmu yana da fili wanda kare zai yi gudu ya more, maƙwabta ma sun sha yi mana tayin kwikwiyo, amma a cikinmu ba wanda ya taɓa cewa a karɓa. A da ina ganin Dubai ce baƙunta, nan ne gida, ga shi kuma wani sashe na zuciyata ya maƙale a gindin duwatsun wata ƙasa da ba lallai in sake taka ta ba. In na shiga mota ba na son kujerar da ke kusa da madubi. Akwai waɗanda ba su mutu a gabanka ba, saboda haka ba ka gama rabuwa da su.