Rakiyar Baffa

A shekarun da nake magatakarda a ofishin hakimi a Roni, zamanin En'e, ƙafafuna ba su da wani aiki sai shiga takalmi. Da safe in hau keke daga ƙofar gida zuwa ofis, tazarar da ko akuya ba za ta kira ta tafiya ba. In zauna in karanta takardun da aka kawo daga Kazaure, in rubuta amsa, in ci gaba da zama. Da azahar mai ɗakina ta aiko da fura, da yamma in tarar da tuwon dawa yana iyo cikin man shanu. Kafin in ankara tumbi ya yi gaba ya bar ni a baya. Mutane kuwa sai yabo suke, wai hutu ya karɓi Malam. Ni ma na yarda da su, ko da yake in na yi sujada sai na dafa bango kafin in miƙe.

Man shanun nan daga rugar Baffa yake zuwa. Baffa shi ne mahaifina, yana zaune da shanunsa can wajen Gwiwa. Ya haura saba'in a lokacin, siriri kamar sandarsa, kuma a rayuwarsa bai taɓa yarda wani abu ya ɗauke shi ba, ko jaki ko mota. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa duban idona ya yi mini magana ba. In yana da abin faɗa mini sai ya kalli gefe ya ce, "Wasu mutane." Tun ina ƙarami na san ni ne wasu mutane.

A farkon wata damina ya zo ya kwana biyu a gidana. Ran da zai koma, bayan asuba, na zura babbar riga na fito in raka shi. Ɗa ba ya sallamar ubansa a ƙofar zaure, ko yaya dai sai ya kai shi rafin da ke bayan gari. Muka wuce masallaci lafiya, muka wuce marina ina ɗan shan iska da baki. Da muka fara hawan nan da ke tsakanin duwatsu sai ƙirjina ya ce bai san zancen ba. Gumi ya wanke ni sharkaf, idona ya soma ganin duhu, na lallaɓa na zube kan wani falalen dutse ina haki kamar tunkiyar da aka koro daga gona.

Baffa ya tsaya, ya dogara sanda, ya daɗe yana kallon gajimare. Can ya ce, "Wasu mutane sai an mayar da su gida."

Haka kuwa aka yi. Tsohon da na fito rakawa shi ya rako ni, yana riƙe da gefen rigata, muka ratsa gari daidai lokacin da kowa ke fitowa zuwa gona. Da ya ajiye ni a zaure sai ya ɗaga murya yadda mai ɗakina za ta ji daga cikin gida, ya ce a rage man shanu. Sannan ya juya wajen ƙofa ya ce, "Bayan kaka zan dawo, in Allah ya kai mu. Sai in ga ko ina da mai raka ni." Ya fita shi kaɗai. Na sha jin kunya a duniya, amma ta ranar nan har da ciwo, don na ji a muryarsa ba tsiya yake mini ba, tsoro ne ya kama shi.

Na je wurin malamin asibiti a Kazaure. Ya saurari ƙirjina, ya danna yatsa a ƙafata, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Na miƙa hannu ina jiran allura, sai ya ce ba shi da allurar da zai yi mini.

"Malam, tafiya za ka riƙa yi a ƙasa. Kullum, har sai ka yi gumi."

"In je ina?"

"Ko'ina. Ka je ka dawo."

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Amma maganar Baffa tana cina, saboda haka washegari na jingine keke na kama hanyar bayan gari hannu rabbana. Ban yi nisa ba wani dattijo ya tare ni yana salati, ya ce wa ya rasu? Na ce ba kowa. Gaba kaɗan wani ya diro daga jakinsa ya rantse sai na hau. Kafin in dawo har an riga ni gida, ana tambayar mai ɗakina ko an ƙwace keken ne. Zuwa azahar gari ya kasu biyu, masu cewa an sallame ni daga aiki da masu cewa na ɗan taɓu. Gwaggona ta aiko da rubutu a ƙwarya ta ce in sha in shafa. A garinmu babba ba ya tafiya sai da dalili, wanda ke tafiya ba dalili kuwa kowa ya san inda ake kai shi. Na koma kan kekena.

Wani dillalin shanu daga Babura ne ya cece ni, shi kuwa har ya bar duniya bai sani ba. Ya zo in rubuta masa wasiƙa, da muka gama na taka masa zuwa ƙofa. Mutumin akwai surutu, ya ɗauko labarin wani bijimi da ya ƙi shiga kasuwa, ni kuma ina son jin ƙarshensa, sai na bi shi. Da labarin ya ƙare na duba, ashe mun wuce marina. Abin mamaki, ba wanda ya tambaye ni komai. Masu wucewa sai dai su ce wa baƙo a sauka lafiya, ni kuma su ce sannu da ƙoƙari. A hanyar dawowa wani ya ce, "Daga ina haka, Malam?" Na ce, "Rakiya na yi." Ya ce madalla, ya wuce abinsa.

Wallahi na shiga gida ina dariya ni kaɗai, har mai ɗakina ta waiwaya tana neman ƙwaryar rubutun gwaggo. Na ce mata, "Ke, na samo! Ba a tambayar mai rakiya!"

Daga ranar baƙona ya shiga uku. Duk wanda ya taka zaurena, komai ƙanƙantar abin da ya kawo shi, sai na raka shi. A ƙofa ya ce, "Malam, ya isa haka, a koma." In ce, "Haba, bari in ɗan taɓa gaba." A masallaci ya sake roƙo, in ɗauko masa sabuwar hira. Daɗin abin shi ne, in mai gida yana ƙasa baƙo ba ya hawa. Mai jaki sai ya ja jakinsa, mai keke ya tura kekensa. Akwai masinjan da yake kawo takardu daga Kazaure, bawan Allah, na sa shi ya tura keke har tsamiyar da ke rabin hanya, yana kallon sirdi kamar zai yi kuka. Telan da ya zo auna ni, gida uku ne tsakanin nasa da nawa, sai da na zagaya da shi ta bayan kasuwa da bakin rijiya kafin in sauke shi a ƙofarsa.

Da farko suna na yi. Aka ce a duk ma'aikatan En'e babu mai tawali'u irin Malam, ko talaka ne ya je gidansa sai ya raka shi bayan gari. Har a masallaci aka yi misali da ni, na sunkuyar da kai ina danne dariya. Amma ba a daɗe ba baƙi suka fara ƙaranci. Mai buƙata sai ya tsaya daga nesa ya faɗi saƙonsa da ƙarfi. Wani ya jira in shiga kewaye ya sulale. Akwai wanda ya bar takalmansa a zaure don in ɗauka yana nan, ya ranta a na kare ba takalmi, sai bayan kwana biyu ya aiko a karɓa masa. Da abin ya yi tsanani mai ɗakina ta shiga aika wa danginta na ƙauyuka cewa tana marmarinsu. Su zo a cika su da tuwo, sannan ta leƙo ta ce mini, "Malam, ga naka nan sun shirya."

Wanda ya gano ni shi ne taubashina, ɗan gwaggon nan mai rubutu, da yake zaune a wani ƙauye kan hanyar Kazaure. Na raka shi har ƙofar gidansa, na ce to sai wata rana. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, bawana, in bar ka ka koma kai kaɗai? A ce ba ni da tarbiyya?" Ya rako ni har Roni. A ƙofata na ce ai kuwa ba a yi haka ba, na sake juyawa da shi. Manoman da ke bakin hanya suka ga mun wuce, suka ga mun dawo, suka ga mun sake wucewa. A karo na huɗu wani tsoho ya yar da fartanya ya ce, "Don Allah, wai a cikinku wane ne baƙon?" Nan muka zube ƙarƙashin tsamiya muna dariya har da hawaye, kowa ya riƙe ciki. Daga nan muka mayar da abin na kowace Lahadi.

Ban san ranar da jikina ya sauya ba. Na dai ga ina ta ƙara tsuke mazagin wando. Wata magariba na tashi daga sujada, sai da na miƙe tsaf na tuna ban nemi bango ba. Barci ya dawo, abinci ya koma yin daɗi da yunwa. Na san inda gero ya fara fitar da kai, na san dutsen da 'yan birai ke zama da hantsi, na san gidan da ake fara daka a kowace unguwa. Wata rana na tsinci kaina ina tsallake kwata da gudu, da rawanina da komai. Daɗi nake ji irin na wanda aka sako daga ɗaurin talala, kullum kuma ina lissafin kaka.

Da aka gama yankan dawa Baffa ya zo. Ya dube ni ta wutsiyar ido sau ɗaya. Ran komawa na riga shi fita. Muka wuce masallaci, muka wuce marina. Da muka iso falalen dutsen nan na ɗaga wa dutsen hannu na ce, "Ina kwana, ka kwana lafiya?" Na haye tudun kamar ana tura ni. A rafi ban ko tsaya ba, don na ƙudura har ruga zan kai shi. Ina gaba ina wurga ƙafa, ina zuba masa labarin masinja da tela, so nake ya gani, so nake ya ji.

Can na lura ba na jin ƙarar sandarsa. Na waiwaya. Yana can baya da nisa, ya tsaya yana duban wata gona da aka riga aka girbe, kamar akwai abin gani a cikinta. Kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Da ya taho sai na ga yana jan ƙafar hagu, sandar da a da yake saɓawa a wuya yanzu ita ke ɗauke da shi. Wata biyar ina shirin kamo Baffa, ban taɓa kawowa a raina cewa shi ma watannin suna tafiya da shi ba.

Na dafe ƙirji, na buɗe baki, na lallaɓa gindin wani gawo na zube. Na ce, "Baffa, a yi haƙuri, na gaji."

Ya ƙaraso ya zauna da sauri, ya miƙe ƙafa. Sai da numfashinsa ya daidaita sannan ya kalli gefe ya ce, "Wasu mutane har yanzu ba su da ƙafa."

Na ce, "Wallahi kuwa, Baffa."

Sau bakwai na gaji a hanyar nan. Duk inda na ji sandar ta fara jinkiri sai in nemi inuwa in yi ta haki, shi kuma ya zauna yana mita, wai 'yan boko ba su da ƙashi. Tafiyar da yakan gama kafin rana ta take, sai la'asar muka hango shanunsa.

A bakin shinge ya tsaya yana kallon garken. Ya ce, "Wasu mutane ba su iya hakin ƙarya ba. Ko gumi babu." Sannan ya ɗora hannunsa a kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi wayo, ya saki nauyinsa duka a kaina, muka shiga ruga a haka.

Da safe ya ce zai raka ni. Muka taka daga ƙofar bukkarsa zuwa bakin shingen nan, taku ashirin ko bai kai ba. Na ce, "Baffa, ya isa haka, a koma."

Bai yi gardama ba, ya koma.