Baba Bulus ya tafi ya bar Ladi a tsakiyar saɓa

Ban ƙarasa shan shayi ba da safen nan aka kira ni aka ce Baba Bulus ya rasu. Kofin na hannuna, na kasa ajiye shi, na kasa kai shi baki.

Kwana goma da suka wuce ina zaune a barandarsa muna musu a kan randa.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne malaminmu na bayoloji a sakandare a Kafanchan. Da ya yi ritaya ya koma gidansa na Madakiya, mu ɗalibansa muka daina ce masa Malam muka koma Baba. Mutanen gari kuwa, in ya ba da baya, "mai macizai" suke ce masa. Ya sani sarai, kuma bai taɓa damuwa ba.

Ranar da aka fara feɗe kwaɗo a ajinmu ni ce na sume. Ajin duka ya fashe da dariya, shi bai yi ba. Ya fito da ni gindin mangwaro, ya zuba mini gyaɗa a hannu, ya ce, "Rahila, tsoro ba zunubi ba ne. Ci gyaɗa, sai mu koma ki ƙarasa." Da aka tura ni koyarwa a Kwoi, shi ya ɗauko tsofaffin notsinsa na shekara da shekaru, ɗaure da roba, ya danƙa mini. Har yau da su nake shiga aji.

To, macizan. Su biyu ne, irin ƙananan mesar nan da ke dunƙulewa kamar ƙwallo in sun tsorata. Ba su da dafi. Ladi ya karɓo ta ne a hannun masu ƙona daji wata Lahadi yana dawowa daga coci, shi ya sa sunan. Ɗanjuma ya zo daga baya, ran Juma'a. Baba dattijon coci ne, amma an sha cewa tsafi yake yi da su. Amsarsa kullum ɗaya ce: "A rana ta shida aka yi su, rana ɗaya da mu."

Ni dai gaskiya shekara uku na yi ina gaishe su daga bakin ƙofa.

Abin da mutane ba su sani ba, wahalar riƙon macijin nan ba abinci ba ne. Rani ne. Daga bayan Kirsimeti har zuwa saukar ruwa, kun san yadda iskar garin nan take komawa, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso. Baba ya ce a daji irin wannan mesa ramin ɓera take shiga ko cikin suri, inda ƙasa ke da danshi, ta kwanta abinta har damina. A cikin akwatin katako kuwa ba suri. In lokacin saɓa ya zo iska a bushe, tsohuwar fatar ba za ta fita gaba ɗaya kamar an cire safa ba. Sai ta yi ta yagewa, wata ta manne a ido, wata ta shaƙe ƙarshen wutsiya. Ido na iya lalacewa, wutsiyar ta bushe ta guntule.

Shi ya sa ɗakin nan na bayan gida ya zama yadda yake. Akwai randar ƙasa cike da ruwa tana ta zufa a tsakanin akwatunan. Akwai buhunan algarara da yake jiƙawa ya matse safe da yamma, ya rufe rabin ragar da ke saman kowane akwati. Rabi kawai, don iska ta riƙa shiga. A ciki ya kife ƙwarya da ya yanka wa ƙofa, ƙarƙashinta ɓawon kwakwa mai ɗan laima. Sai wani ɗan agogo mai auna danshi da ya rataye a bango, ya ja masa layi da jan biro. In allurar ta sauka ƙasa da layin nan, ko baƙo ne ya zo daga Abuja sai ya jira.

Kuma kada a ce don ana son danshi a malale akwatin da ruwa. Ya ce in ƙasan ya jiƙe sharkaf, cikin macijin ne zai ruɓe. Na sha jin wannan karatu har na haddace.

Amma haddar ba ta hana ni kwafsawa ba. Wata shekara ya je duba idonsa, ya bar mini ɗakin kwana uku. Na leƙa na ga fatar Ladi ta yi fari-fari tana tsagewa. Ni 'yar garin nan, me na sani in fata ta bushe? Man kaɗe. Na ɗaura gashin kaza a sanda, na narka man, na tsaya can nesa ina shafa mata ina karanta Zabura.

Da Baba ya dawo ya ga Ladi tana ƙyalli, ɓawon kwakwa duk ya manne mata, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. "Rahila, coci za ki kai shi? Saura hoda da ɗankwali!" Sannan ya kawo ruwan ɗumi a daro, ya sa ni na riƙe jiƙaƙƙen tawul, ta yi ta shiga tana fita ta cikinsa har fatar ta saki. Ranar na fara jin nauyinta a hannuna. Bai ƙara tada maganar man kaɗen a gaban kowa ba, ni kaɗai yake tsokana da ita.

Haɗuwarmu ta ƙarshe, randa na kai masa daga kasuwar Kafanchan, don tsohuwar ta daina zufa sosai. Ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ce na sayo mai santsi ta kwalliya, ba za ta yi aiki ba. Na ce za ta yi. Ya ce ba za ta yi ba. Shi ke da gaskiya, kamar kullum, abin haushi.

Ya rame sosai, rigarsa ta yi masa yawa. Ya ce Ladi ta ƙi abinci, alamar saɓa ta kusa. Can sai ya ce, "In damina ya zo ba na nan, ba matsala, damina zai lura da su. Rani ne wahala. Ki raka mini su zuwa ruwan farko."

Na ce ya daina irin wannan magana. Na ma yi masa faɗa, ni da malamina. Kwana huɗu bayan nan aka kwantar da shi asibiti, ni kuma ina ta cewa sai Asabar zan je.

Asabar ɗin gobe ce. Wannan abu yana cina, ba zan ɓoye ba.

Yau da na sauka daga mota na hau keke mai ƙafa uku zuwa Madakiya, gida ya cika. Matan zumunta na coci sun riga kowa zuwa kamar yadda suka saba, wasu na shara, wasu sun ɗora tukunya, wasu na waƙa a falo tare da Mama Saratu, matar Baba. Na shiga tsakar gida. Ga buhunan algarara duka a kan igiyar shanya, an wanke su tas, sun bushe ƙayau a rana. Ga tsohuwar randa a gindin mangwaro da kofuna a kai, masu gaisuwa na sha.

Ba da mugunta suka yi ba. Gidan rasuwa ne, kowane ɗaki sai an buɗe an share don baƙi. Sun ji warin laima, suka ce abin kunya ne, suka wangale taga, suka kwashe buhunan. Wadda ta ɗaga na ƙarshe ce ta yi ido huɗu da Ɗanjuma. An ce har bakin titi an ji "Jinin Yesu!"

Na tarar da maza uku a ƙofar ɗakin da sanduna, ƙanen Baba a gaba, Baba Yohanna. Na kutsa na leƙa. Allurar ta faɗi can ƙasa da jan layi. Ladi ta dunƙule a lungu, idanunta sun yi fari kamar an ɗiga madara, wato ba ta ko gani sosai.

Baba Yohanna ya ce, "Abu biyu ne. Ko a kashe, ko a kai bayan dutse a zubar. Mai shi ya tafi."

Na ce dajin duk an ƙone shi, kuma shekara goma sha ɗaya Ladi tana cikin akwati, ba za ta kwana biyu ba. Na tsaya a bakin ƙofar, na ce Baba ya bar mini su.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ke wane ne a gidan nan?"

Ni ba 'yarsa ba ce, ɗaliba ce kawai, kuma ɗaki ɗaya nake haya a Kwoi, mai gidana ko kyanwa ba ta yarda da ita. Na fara kuka, ga haushi ga kunya.

Sai waƙar falo ta tsaya. Mama Saratu ce ta fito, ɗankwalinta a karkace, mata biyu na biye da ita suna cewa ta koma ta zauna. Duk wanda ya san gidan ya san ba ta taɓa taka ɗakin nan ba. Ko sunansu ba ta kira, "kayan babanku" take cewa.

Ta ce, "Yohanna, kwana shida yayanka yana asibiti. Wa kake tsammani yana jiƙa buhun nan? Kullum da safe in na zo dafa masa kunu, ina shiga, ido na a rufe, ina waƙa da ƙarfi don kada in gudu. In na koma, kafin ya tambayi jikina sai ya ce, allura ya kai ja? Jiya ma ya tambaya."

Ta dubi masu sandunan, ta ce:

"Ba za a kashe komai a gidan nan yau ba. Mutuwa ɗaya ya ishe ni. Ku mayar mini da randa na."

Matar da ta yi ihun nan ita ta fara sauke buhu daga igiya. Muka jiƙa, muka matse, na nuna musu rabin raga ake rufewa. Aka rufe tagar. Zuwa la'asar allurar ta hau, saura kaɗan ta taɓa layin, na ga Ladi ta warware ta shige ƙarƙashin ƙwaryarta.

Baba Yohanna bai sauko gaba ɗaya ba, ya ce bayan biso za a sake zama. Ba komai, za mu zauna. Yanzu dai mun yi da Mama ita za ta riƙa jiƙa buhu safe da yamma, ni kuma duk Asabar zan zo in yi shara in ba su abinci. Ta ce taɓawa kam kada ma in sa rai. Na ce Mama, ni ma haka na ce a da.

Masu zuwa gaisuwa, in akwai tsohon buhun algarara a gida ku riƙo mana. Amma ban da wanda aka zuba citta ko taki, ƙarfin warinsa na damun su.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Bulus, ka ba shi hutu a wurinka. Ka riƙe Mama Saratu da yaransu, ka ba ni ƙarfin cika abin da ya bar mini. Duk wanda ya karanta wannan, Kirista da Musulmi, ko kana ƙyamar maciji kamar me, don Allah ka sa gidan nan a addu'a. Ku roƙa mana ruwa ya sauka da wuri bana.