Gurbin da Malam Zikrullahi Ya Kashe

Malam Zikrullahi Banufe ne, amma a Fagge aka haife shi, kuma a Kano ya yi shekara talatin da biyar yana aikin malamin gona. Bida sai biki ko rasuwa ke kai shi. Da ya yi ritaya, matarsa Safara'u ta ce ta gaji da zama nesa da danginta, suka tattaro suka dawo Minna, suka tare a Shango.

Bai yi wata uku ba zaman gida ya ishe shi. Ya sayo ƙugiya da zare, ya ce zai koma sana'ar kakanni. A majalisar ƙofar masallaci ma ya cika baki, wai jinin Nufawa ne a jikinsa, kifi da kansa zai gane shi.

Wanda ya nuna masa ruwa shi ne Gabriel, wani manomin doya sa'ansa, da suka saba a shagon sayar da iri. Ƙauyensu na kan hanyar Kuta, a bayansa akwai rafi mai gurbi guda mai zurfi wanda ba ya ƙafewa ko da rani.

"Ƙugiya dai ka jefa kullum, Malam," in ji Gabriel. "Amma ba a sa ragar koma sai ranar bikin su, ranar da duk gari za mu shiga tare. Haka muka taras."

Mako bakwai Malam Zikrullahi yana zuwa. Ya sa tana, ya sa gara, ya sa hanjin kaza. Abin da ya taɓa kamawa ƙaramar karfasa ce guda, wadda ko mage ba za ta ƙoshi da ita ba. Da ya doso majalisa sai a fara, "Sarkin ruwa, ina romonmu?" Yakan yi dariya tare da su. Amma ranar da Kudu, wan matarsa, wanda ya tashi a bakin kogi, ya kira shi Banufen Fagge, dariyar ba ta fito ba.

Ran Lahadi da hantsi ya tafi, lokacin da ya san mutanen ƙauyen suna coci. A aljihunsa akwai ragowar maganin feshin da yake yi wa waken bayan gidansa. Ya san abin da maganin ke yi. Shi ne fa ya shekara da shekaru yana hana manoma ko wanke tankin feshi a rafi. Ya ce wa kansa murfi ɗaya kawai zai zuba, a gefe. Da ya ga shiru, ya juye sauran.

Da farko wata babbar tarwaɗa ce ta taso tana juyi, har ya ji daɗi. Sai wata, sai wasu. Kafin a jima fuskar ruwan ta yi fari da cikin kifaye, manya da ƙanana, har waɗanda ba su kai yatsa ba, har kwaɗi. Yana jiyo gangar coci daga nesa. Ko ɗaya bai ɗauka ba. Ya wurga kwalbar cikin ciyawa, ya ja motarsa.

Safara'u ta kai masa tuwo ta dawo da shi yadda yake. Ta tambaya, ya ce zazzaɓi ne.

Ran Talata Gabriel ya zo a babur, da matattun kifi a leda.

"Malam, kai ka san magani, duba mana. An kashe gurbi. Awakin matata Helen biyu sun sha sun mutu. Famfonmu kuma ya lalace, can mata ke ɗiba, Allah ne ya sa aka gani da wuri."

Malam Zikrullahi ya riƙe ledar yana kallo kamar mai bincike.

"Wa ake zargi?"

"Meshach, wani ɗan garinmu. Bara an kama shi ya sa koma a ɓoye. Gobe mai gari zai kira shi, samari sun ce sai ya bar garin."

Malam Zikrullahi ya ajiye ledar a ƙasa.

"Gabriel, ni ne."

Gabriel ya sunkuya ya ɗaure bakin ledar, ya rataye a babur. Sai da ya tayar sannan ya ce, "Ka zo gobe ka faɗa da bakinka."

Ya je. Ya cire hula ya durƙusa a gaban mai gari, mata da samari sun kewaye, Meshach na tsaye a gefe ya harɗe hannu. Ya faɗi komai, har inda ya wurga kwalbar. Ya so a zage shi. Mai gari, wani tsoho mai sanyin murya, tambaya ɗaya ya yi masa.

"Malam, aikin me ka ce ka yi a Kano?"



Aka yanke zai mayar wa Helen awakinta, kuma kada ƙafarsa ta sake taka bakin ruwan. Shekarar ba a yi bikin su ba. Ba wanda ya ce ya kawo ruwa, amma tun daga ranar kullum yakan cika jarka goma a Minna ya kai ƙauyen. Mata su sauke, su juye, su mayar masa, ba mai gaishe shi. Haka ya yi ta yi har damina ta sauka rafin ya wanke kansa.

Labari ya iso Shango kafin ya faɗa wa Safara'u, abin da ya fi ɓata mata rai ke nan. A majalisa ba wanda ya taɓa tayar da zancen, tsokanar ma aka daina, sai ya ga gara a ce ana yi. Yanzu da an idar da salla yake neman takalminsa.

Suna haɗuwa da Gabriel jefi-jefi a shagon iri. Su gaisa, su tambayi iyali, kowa ya kama gabansa. Kwanaki Kudu ya ce ya shirya su je Wuya, can bakin kogi, ya koya masa jefa ragar birgi daga kwalekwale. Malam Zikrullahi ya yi godiya, ya ce gwiwarsa ke damunsa.