Na Shanya Gam Kamar Tubali

Ina tsugunne ina tsintar gutsattsarin randar marigayiya matata, sai maƙwabcina Malam Bitrus, malamin kimiyya, ya leƙo.

Ita kaɗai ta rage mini cikin kayanta. Da ta tsage bara, na sayo gam ɗin nan mai bututu biyu a kasuwar Jega, na shafa tana jiƙe, na girke ta inda rana ta fi zafi. Yau sai ga shi gam ya saki, ta tarwatse.

"Baba, mi ya sa ka bar ta a rana?"

"Don gam ya yi ƙwari mana. Ba haka ake wa tubali ba?"

Ya danne dariya. "Wanga ba laka ba ne, Baba. Damshi na sassauta shi, rana kuma ta ƙona shi har ya riƙa ɓarewa. Kai ka haɗa masa duka biyun."

Wai ni ne tsohon hedimasta!

Ya ce zai liƙa ta a inuwa, amma ba za ta sake riƙe ruwa ba. Na ce ya dawo mini da ita haka nan, ni ma ban riƙe komai yanzu, kuma ba a yar da ni ba.

Ku fa, me kuka taɓa ɓatawa da sunan gyara?