Kwanon Ƙanen Mijina

Ni ce mai wanke kwanon nan, shi ya sa na fi kowa saninsa. Ɗan kwano ne mai shuɗin baki, surukata ta ware wa ƙanen mijina tun ranar da ya dawo daga Damagaram ya ce ya bi addinin 'yan mishan. Ciwon ƙafa ya kai shi asibitinsu. Ƙafa ta warke, shi kuma ya zama nasu. In ya zo ƙauyenmu, can wajen Droum, maigidana ya ci tuwo a akushi, shi a zuba masa nasa a gefe. Ko gaisuwarsa maigidana ba ya amsawa, a kasuwa kuwa har jifa ƙanen nasa ya sha. Wallahi abin yana ci mini rai, don mutum ne mai wasa, kuma duk gidan shi kaɗai ke yaba miyata.

Sai fari ya zo. Rumbu ya ƙare, muka koma dusa da ganye, har irin da muka ɓoye a tulu muka daka muka ci. Ranar da ruwan shuka ya sauka ba mu da ko ƙwaya. Da hantsi sai ga ƙanen mijina ya sauko daga kamyo, babbar motar kaya, da buhu a ka.

Ya ce, "Yaya, ga iri."

Maigidana ya ce, "Na su wa?"

"Ka san na su wa."

"To, ba a gonar ubana ba."

Lokacin ana ta yaɗa cewa duk wanda ya shuka hatsin mishan, in kaka ta yi za su zo su ce ya shiga addininsu. Ni ma na ɗan yarda, ba zan ɓoye ba.

Surukata ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Ke, ɗauko mini kwanon yaron nan." Ta cika shi da iri, ta miƙa wa ƙaramin ɗanta sungumi, muka nufi gona. Yana gaba yana sara, tana biye tana zuba iri tana rufewa da diddige, kowane rami da bisimillarsa.

Wani dattijo maƙwabcin gonarmu ya ce, "Inna, me kike yi haka?"

Ta ce, "Musuluntar da shi nake yi, rami rami. In ya tsiro da gicciye ka zo ka gaya mini."

Ƙanen mijina ya yi dariya har sungumi ya kufce masa. Maigidana yana tsaye bakin gona ya sha kunu, amma ina, bai iya kallon tsohuwa tana haki a rana ba. Ya zo ya ce, "Kawo, Inna." Ya karɓi kwanon, ya bi sawun ƙanensa har suka kai ƙarshen gona.

Da yamma na tuƙa ɗan tuwon dusa, na ɗauko kwanon zan wanke. Surukata ta ce, "Ajiye shi. Ya zama na iri, ba a cin tuwo a ciki."

Na ce, "To Inna, a me zan zuba masa?"

Ta ce, "Akushin maza nawa ne a gidan nan?"

Ɗaya ne. Na ajiye shi tsakaninsu. Ƙanen mijina ya wanke hannu, amma ya kasa miƙawa. Maigidana bai dube shi ba. Sai dai ya sa yatsa ya juya akushin a hankali, gefen da miya ta fi yawa ya koma gaban ƙanensa.