Allon da Kawu Ya Gyara

Shekarar da na buɗe shagon ɗinki a bakin titin Bodinga, ba don masu kawo ɗinki kaɗai na so allo ba. Akwai wani ma'aikacin lafiya da aka tura Shagari, wanda na taɓa ɗinka wa ƙanwarsa kaya tun ina aiki a cikin gida. Mun gaisa a zaure, ya yaba hannuna, shi ke nan. Na san duk Juma'a motarsu kan wuce zuwa Sakkwato, shi kuwa bai san na fito titi ba. A littattafan soyayyar da nake karantawa, kallo ɗaya ta tagar mota ya isa. Ina so ya ga sunana.

Mai buga alluna ya juyo mini da kwamfutarsa. Na nuna wasu haruffa sirara masu lanƙwasa kamar zanen lalle.

"Waɗanga ba su karantuwa daga mota, Hajiya," in ji shi. Ya nuna mini wasu masu kauri, ba ƙafa ba ado, duk sun karkata dama kamar masu sauri. "Waɗanga don titi anka yi su. Mota na gudu, su ma suna gudu."

Ban gane yadda harafi zai yi gudu ba, amma maganar ta yi mini daɗi, na ce ya buga.

Ranar da aka kawo allon ina Dandin Mahe wajen suna, sai Kawuna, wanda kafinta ne, ya kafa mini. Da na dawo na tarar gefen dama ya ɗaga sama, na hagu ya sunkuya.

"Kawu, mi ya samu allon?"

"Yaron ga ya cuce ki, ɗiyata. Rubutu nai duk ya kwanta. Na dai tashe shi bakin ƙoƙarina."

Na duba. Lallai haruffan sun miƙe tsaye cak, sai dai sunana yana hawa sama kamar matakala. Mai shayin da ke gefena ya ce allon ne a karkace. Mai faci ya ce ginin ne. Na tsallaka titi na karkata kaina, allon ya daidaita, haruffan suka koma gudu, shagon kuma ya kwanta. Har jiri na ji. Ba na iya ce wa Kawu ya yi kuskure, ni kaina ma na kasa tabbatar da wanne ne daidai. Haka Juma'a ta same ni.

Ina kan keken ɗinki na ji mota ta tsaya, wani ya yi sallama.

"Mai shago, allonku zai faɗo ma wani a ka. A'a, ke ce nan?"

Shi ne. Na tambaye shi ko sunan ya gani ya sauko.

"Akwai suna?" Ya koma waje ya ɗaga kai, ya karkata wuya kamar yadda na yi, ya yi dariya. Mako na gaba ya zo da yadi.

Daga baya mai buga alluna ya wuce, ya dafe kai, ya ce zai miƙe shi kyauta. Na ce ya bari in yi tunani tukuna. Allon na nan yadda Kawu ya bar shi.