Bangon Takardar Siminti

Ranar wata Alhamis cikin daminar 1976, ina aji biyar, Malam Isiyaku mai koya mana Turanci ya shigo aji da wando a naɗe har ƙwauri saboda taɓo. Ya ɗauki alli ya jera kalmomi biyar a allo, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: stable, steady, regular, constant, consistent. Ya ce wanda duk ya ce ma'anarsu ɗaya ce, wato abin da ba ya canzawa, bai yi ƙarya ba, amma raggo ne. "'Yan gida ɗaya ne," in ji shi, "kowa da halinsa." Na farko ko ka ture shi ba ya faɗuwa. Na biyu yana tafiya, amma hannunsa ba ya rawa. Na uku yana da lokacin zuwa sananne, na huɗu kuwa ba ya yankewa sam. Na biyar shi ne wanda duk sanda ya yi abu, yadda ya yi shi a baya haka zai yi shi. Sai ya ba mu aikin gida: a gaban kowace kalma mu rubuta sunan mutum ɗaya na gidanmu ko na ƙofar gidanmu, mu kawo ranar Litinin.

A lokacin tsakanin makarantarmu a Tarauni da gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi gonaki sun fi gidaje yawa. Mukan rataya takalma a wuya mu bi ta kunyoyin gero, mu tsaya ɗibar lalo da tafasa a gefen hanya don miya, in mun ga kududdufi kuma sai mun jefa dutse mun ƙirga kwaɗi. Da kaka mu ne masu kalar gyaɗa a gonakin da aka gama cira, mu cika ɗankwali mu zo gida baki fari fat da ƙasa muna rantsuwa ba mu ci ba. A gida aikina shi ne share tsakar gida, jan ruwa a rijiya har randa biyu su cika, da ɓarar gyaɗa ga Inna, mahaifiyata, wadda ke matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli. In na gama sai carafke a ƙofar zaure da ƙawata Jummai, har a kira magariba.

Aikin Malam bai ba ni wuya ba. Ina zaune kan turmi da fensir na cike gurbi huɗu kafin la'asar. Kalmar farko na ba Kaka, wadda tun da na yi wayo tana gindin darbejiyar tsakar gida da kaɗinta. Ranar da iska ta yaye kwanon kicin kowa ya watse yana salati, ita ko mazarinta ba ta ajiye ba. Ta biyu ta Inna ce, don na sha kallon yadda take tsiyaya mai daga ƙwarya zuwa bakin kwalba, siriri kamar zare, ɗigo ɗaya ba ya sauka a ƙasa. Ta uku na ba Bafulatanar da ke kawo mana nono kullum da hantsi. Ta huɗu kuwa ko tunani ban yi ba na rubuta Goggo Mairo, ƙanwar Baba, wadda bakinta ke farawa da asuba, ko a cikin wanka ana jiyo ta tana ba katanga labari. Gurbi na biyar ne na bari wayam, kuma da gangan na bar shi.

Mutum ɗaya ya rage a gidan, shi ne Baba, kuma fushi nake da shi. Direban gingimari ne, yana kai kaya Ikko ya ɗauko siminti. In ya tafi ba mai cewa ga ranar dawowarsa: wani zubin mako biyu, wani zubin sai ya haura wata in gada ta karye ko mota ta lalace a daji. Uban Jummai kuwa masinja ne a wani ofis, kullum bayan azahar sai mun ji ƙararrawar kekensa, kuma ina kishin wannan ƙararrawa ƙwarai. A zangon nan aka yi ranar rabon kyaututtuka, na ci kyautar iya rubutu, iyaye maza suka cika bencuna, ni kuwa Goggo ce ta zo ta yi ta guɗa har na ji kamar in nutse. Washegari muna carafke na cinye Jummai, ita kuma don haushi ta ce, "Ke babanki ai baƙo ne, har kaza ake yanka masa in ya zo." Na watsa mata duwatsun na shige gida, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Na san abin da nake yi da na bar gurbin nan. Baba bai yi boko ba, sai dai ya san kamannin sunansa, Garba, don yana ganinsa a jikin lasisinsa. Kuma duk dawowarsa, bayan ya yi wanka ya ci abinci, sai ya zauna a zaure ya ce in kawo littattafaina. Yakan buɗe su shafi-shafi yana bin jan biron malamai da yatsa, sannan ya warware takardun buhun siminti da ya taho da su a bayan kujerar mota. Yakan kakkaɓe su, ya ɓare ta waje ya yar, ya ɗauki ta tsakiya mai tsabta, ya yanka da reza, ya yi wa kowane littafi sabon bango, ya lanƙwasa kusurwoyi huɗu ya manne da ƙaro. Ni a wurina wannan ba komai ba ne, kamar fitowar rana. Abin da nake so shi ne ya zo shafin nan, ya tambaye ni, in karanta masa sunan kowa har da mai nono, ya ji babu nasa.

Ranar Litinin Malam Isiyaku ya bi benci-benci yana dubawa. Ya yi dariyar Goggo Mairo har da riƙe ciki, sannan ya ga gurbin ya tambaye ni dalili. Na ce ai babu irin wannan a gidanmu, babana ma ba ya zama. Malam ya miƙo hannu. Ya rufe littafin ya juya shi a hannu, ya shafa kusurwoyin, sannan ya ce kowa ya ɗaga nasa littafin sama. Na duba ajin: wani bangonsa ya yage, wani ya nannaɗe kamar ganyen da rana ta buga, na Jummai ma ba shi da bango ko kaɗan. Ya ce, "Rakiya, tun kina aji ɗaya nake ganin littattafanki, ban taɓa ganin ɗaya tsirara ba, kuma lanƙwasar nan ba ta taɓa sauyawa ba. Wa ke yi miki?" Na faɗa masa murya ƙasa-ƙasa. Ya ce ba a tambayi wannan kalma yaushe take zuwa ba, wannan aikin mai nono ne. Abin da ake tambaya shi ne in ta zo, me take yi. Ya miƙo mini littafin ya ce gurbina ne, ba zai cike mini ba.

Ina da taurin kai tun ina ƙarama, wannan ba na musu. Kwana tara littafin nan yana cikin jakata gurbin yana nan wayam, kullum in buɗe in rufe. Rana ta goma da la'asar ina jan guga na jiyo ƙahon gingimari daga titin Zariya, sau biyu gajeru, ɗaya dogo, yadda Baba yake busawa kullum. Na saki igiya guga ya koma rijiya, Inna tana ta faɗa, na ruga ɗaki na lalubo fensir. Da gaggawa na rubuta sunan, har harafin ƙarshe ya hau kan layi.

Ya shigo da jajayen idanu da ƙurar hanya, ya yi wanka, ya ci tuwo, ya zauna a zaure ya ce in kawo. Yana bin shafuka da yatsa sai ya tsaya cak. "Wannan ai sunana ne," ya ce. "Laifin me na yi wa makaranta?" Na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na ce kalmar tana nufin mutumin da ko ya daɗe bai zo ba, in ya zo ba ya fasa abin da ya saba. Ya daɗe yana kallon rubutun. Sai ya ce, "Ikon Allah. Ashe har suna Turawa suka ba abin." Ya ja takardar siminti ya fara yanka, amma na lura ya juyar da fuskarsa wajen ƙofa, kuma bangon ranar nan ya fi na kullum ɗaukar lokaci. Ban taɓa gaya masa kwana tara gurbin ya yi babu kowa ba.

Yau gonakin nan duk sun zama shaguna da benaye, a-daidaita-sahu na ta kai-komo inda muke kalar gyaɗa, siminti ma a buhun leda yake zuwa. Jikokina littattafansu da bango mai sheƙi ake sayo su, kuma kafin zango ya ƙare sun rabu biyu. Na shekara talatin ina koyar da Turanci, na bayyana kalmomin nan biyar ga yara ba adadi, huɗu daga ciki da misalai iri-iri. Ta biyar kuwa sai in ciro tsohon littafin nan daga jaka in ba su su zagaya da shi. Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, amma har yau kusurwa ɗaya ba ta ɓalle ba.